Injin da na zaɓar wa Peugeot 504, da waɗanda na bari a kasuwa

Motar salun ce, 504, haɗin kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975. Injin da ke cikinta XM7 ne, mai cc 1796 da kafireta mai maƙogwaro ɗaya, ƙarfinsa wajen doki 79. Ya daɗe yana shan baƙin mai, daga baya ya fara haɗa ruwa da mai, da muka sauke shi a garejin bakanikena a Tudun Wada sai muka tarar bulok ɗin ya tsage. Gyara ya ƙare. Tun da dole a sayi wani, na ce bari in nemi wanda ya fi shi ƙarfi, domin a hanyar Kano ko ta Funtuwa, in ka zo wuce tirela da mutum huɗu a mota, tsohon injin sai ka yi ta addu'a.

Shawarar farko da kowa ya ba ni ita ce in sa na Toyota, 3Y ko 4Y. Injuna ne masu juriya, kayansu kuma ko'ina akwai, daga Sabon Gari har Ƙofar Ruwa a Kano. Ban ƙi su don wani aibu nasu ba. Awo ne ya hana. Injin 504 a kishingiɗe yake, ya karkata digiri 45 zuwa dama, shi ya sa bonet ɗinta yake ƙasa-ƙasa. Na Toyota a tsaye yake ƙyam. Ka ɗauki tef ka auna daga kan ƙarfen da ke riƙe da rak ɗin sitiyari zuwa cikin bonet, ka kwatanta da tsayin injin daga gindin kaskon mai zuwa saman kafireta, nan take za ka ga inda rigimar take: ko a yanke kaskon mai, ko a taɓa bonet, ko a cire akwatin tace iska a bar injin yana shaƙar ƙurar hunturu.

Wannan ma ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da ta ƙarƙashi. Farfelar 504 ba a fili take ba kamar ta sauran motoci. Tana cikin wani bututun ƙarfe da aka ɗaure a wutsiyar giyabos, ɗaya bakin kuma a jikin aksul na baya. Bututun ba murfi ba ne kawai, shi ne yake riƙe da aksul a mazauninsa, yana hana shi jujjuyawa idan ka taka mota ko ka ja birki. Giyabos ɗin Toyota ba shi da inda za a ɗaura wannan bututu. Saboda haka ko dai a ƙera faranti a wurin masu tanin (masu sassaƙa ƙarfe da inji) a haɗa injin Toyota da giyabos na Peugeot, wanda in tsakiyarsa ta kauce ko da rabin milimita ce zai riƙa cin farantin kuloci da boris, ko kuma a cire bututun a yi wa aksul wasu hannaye da walda. Na ga motocin da aka yi wa haka. Suna tafiya, amma laushin nan da aka san 504 da shi a kan gargada ya tafi, kuma wannan laushin shi ne dalilin da ya sa mutum yake riƙe da ita har yau.

Na biyu shi ne wanda raina ya fi so: injin 505 GTi, ZDJL, mai cc 2165 da doki 130. Jikinsa duka alminiyam ne, kamshaf a sama, bel ke juya shi maimakon kaca, kuma nozul mai fesa fetur yake amfani da shi maimakon kafireta, tsarin Bosch. Na sami guda a Panteka. Da na tambayi mai shagon ina birenbos (kwamfutar da ke sarrafa injin) da wayoyinsa da mitar iska, sai ya ce, “Alhaji, ai rewaya zai haɗa maka, ko a mayar da shi kafireta.” A nan na janye. Injin nozul ba tare da birenbos ɗinsa, da cikakkiyar wayarsa, da mitar iska, da famfon fetur mai matsi ba, rabin inji ne. Sannan yana buƙatar bututun mayar da fetur tanki, da ƙafafunsa, da ƙoƙon da ke haɗa shi da giyabos. In aka mayar da shi kafireta da manifol na ƙira, yawancin ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya zube. Wanda ya sami 505 GTi sukutum da ta yi haɗari ta baya, ya saye ta ya kwashe komai, shi ne ya dace da wannan aiki. Mai sayen inji tsirara kada ya fara.

Abin da na saya a ƙarshe XN1 ne, mai cc 1971, wanda aka sa a 504 da kuma 505. Ɗan gida ɗaya ne da XM7: tafiyar fistin ɗinsu ɗaya, milimita 81, faɗin silinda ne ya ƙaru daga 84 zuwa 88. Da kafireta mai maƙogwaro biyu, Solex ko Zenith, yana ba da doki 93 zuwa 96. A takarda ƙarin bai kai na GTi ba, amma ya zauna a kan ƙafafun tsohon injin, ya shiga giyabos ba tare da an taɓa walda ba. Ka tabbata an ba ka shi da manifol da kafiretarsa. Idan ka ɗora masa ƙaramar kafiretar XM7, ka shaƙe shi ke nan.

Kafin in biya na sa an tayar da shi a ƙasa, aka auna matsin kowace silinda. Ba yawan lambar na fi kula da shi ba, daidaiton su huɗun ne: kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. Na duba fulogi huɗun, na buɗe murfin mai ko akwai kumfa mai kamar madara, aka sauke kasko aka duba ko akwai garin ƙarfe. Sai abu guda da yaran gareji kan yi kuskure a kai. Silif ɗin wannan inji, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, ba a manne suke ba, ruwa ne ke zagaye da su, tof silinda ne ke danne su. Idan an cire tof, kada wani ya juya kiranshaf sai an danne silif ɗin da faifan ƙarfe (washa) da kusoshi. In suka motsa, hatimin gindinsu ya lalace, ruwa zai gangara cikin baƙin mai, sai an sake sauke inji.

Kuskurena a giyabos ne. Na ƙara da giyabos BA7 mai giya biyar don injin ya huta a doguwar hanya, ban karɓi bututu da farfelarsa ba. Mai giya biyar ya fi mai huɗu tsayi, don haka tsohon bututun ya yi yawa. Mota ta yi mako biyu a kan jak kafin a samo wanda ya dace. A sayi ukun tare, a kuma auna a wurin.

Saiti kuwa, bawul ana gyara shi injin na sanyi: na shiga 0.10, na fita 0.25 na milimita. Tsarin wuta 1-3-4-2 ne, amma Peugeot daga ɓangaren fulawil take fara ƙirga silinda ta ɗaya, ba daga gaba ba, kuma wanda ya saba da motocin Japan yakan rikice a nan. Baƙin mai lita 4 yake sha.

Na sa an yi wa lagireto sabon ciki mai layi uku, saboda zafin Maris da Afrilu a cunkoson Kwangila a Zariya ba wasa ba ne. Na hana a cire tamostat, na kuma hana zuba ruwan rijiya, domin tof ɗin alminiyam ne, ruwa zalla yana cin sa. Birki ma an sake masa roba da fad da mai kafin motar ta hau titi.

Rasit ɗin da na karɓa yana ɗauke da lambar injin kamar yadda take a jikin bulok, da shi na je ofishin lasisi aka gyara takardun mota. Bayan kilomita 1000 aka juye mai, aka sake duba ɗaurin tof da bawul, kuma allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba a tafiyar Kaduna da dawowa.