Kwana ɗaya a Boromo, garin ɗakunan da ba azara ba kwano

Makon jiya na dawo daga Burkina Faso, har yanzu jar ƙasar Boromo ba ta gama fita daga takalmina ba. Kasuwa ce ta kai ni. Na raka kawuna da kayan fata zuwa SIAO, bajekolin sana'o'in hannu da ake yi a Wagadugu duk bayan shekara biyu. Zancen kasuwar ba zan ja shi ba, an sayar da abin da aka sayar, an ɗaure saura.

Wani dare muna hira a gidan mai masaukinmu, dattijo Bahaushe haifaffen can, sai na shiga kukan fulotina da ke bayan garin Kano. Shekara uku ke nan da na sa bulo layi biyu na tsaya, kullum na tara kuɗin siminti sai in tarar katako da kwano sun yi gaba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, kafin ka koma gida ka je Boromo ka ga ɗakin da ba kwano ba katako." Na ce, "Baba, ai rufin azara ne, muna da shi." Ya ce ko azara ɗaya babu.

Motar da na shiga ta tashi a kan lokacin da aka rubuta a tikiti, kowa da lambar kujerarsa, abin da ya sa na tuna tashoshinmu inda za ka yini kana jiran mutum biyu su cika mota. A wani shingen hanya aka sauke mu duka. Jami'in da ya karɓi fasfona ya juya shi gaba da baya, ya yi mini tambaya da Faransanci, da ban gane ba sai ya daka mini tsawa gaban mata da yara, ya ajiye fasfon a gefe ya ci gaba da sallamar wasu. Ashe katin allurar shawara yake nema, yana kuwa aljihuna. Abin ya sosa mini rai, don da ya nuna da hannu da tuni an wuce wurin.

Boromo tana kusan tsakiyar hanyar Wagadugu zuwa Bobo-Dioulasso, kusa da kogin Mouhoun. Mota ba ta gama tsayawa ba mata suka kewaye ta da tire-tiren kantun riɗi da burodi da soyayyun zabbi. Zabon da na taya ya fi na Kano araha nesa ba kusa ba, kuma mai shi ba ta ja ciniki da ni ba. Nan bakin tasha na ji wani mai tsire yana yi wa yaronsa faɗa da Hausar Tawa. Na yi masa sallama, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ko tambayi sunana ba ya bar wa yaron tukuba, ya tada babur, ya ce, "Hau, Bakano." Shi ya zame mini tafinta yini guda, da yamma na miƙa masa kuɗin mai ya ƙi karɓa, har ya ɓata rai.

Wajen ƙarfe biyu na rana muka shiga gidan farko, rana tana dukan ƙeya. Ɗaki ne ƙarami na wani manomi. Ina sa ƙafa ciki na ji sanyi irin na bakin randa. Na ɗaga kai, rufin ya lanƙwaso daga wannan bango zuwa wancan kamar an raba ganga biyu an kife, tubali ne zalla tun daga ƙasa har sama. Kaurin bangon santimita 60 ne, don haka ma aka huda alkuki manya a jikinsa, matar gidan ta jera kwanukanta ciki, ba ta bukatar kabad. Faɗin ɗakin ba ya wuce mita uku da kwata, wannan ƙa'idar ginin ce, tsawo kuwa sai yadda mutum ya so. Da farko na raina faɗin. Da na zauna a tabarma na ga gado ya shiga, akwati ya shiga, ga wurin salla, sai na tambayi kaina uban falon da na zana a fulotina wa zai zauna a ciki.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin da ake kan ginin wani. Maginin yana tsaye kan ganga, yara biyu masu koyo suna miƙo masa tubali. Tubalin rufi daban yake da na bango, ɗan siriri ne, falle kamar littafi. Ba a kafa katakon da zai tallafe shi. Layin farko ana jingina shi da bangon ƙurya a karkace, na biyu ya kwanta a kan na farko, haka rufin zai yi ta tahowa gaba, laka ce kaɗai ke riƙe da shi. An ɗaure waya tun daga wannan ƙarshen ɗaki zuwa wancan, da wata igiya mai zobe tana zamewa a kanta. Duk tubalin da zai ɗora sai ya ja igiyar ya gwada, ta nuna masa inda bakan zai bi. Ya shafa laka, ya manna, ya ɗan buga da tafin hannu, ya saki. Ni dai ina ta jiran in ga ya faɗo, bai faɗo ba.

Dabarar daga Nubiya take, can bakin kogin Nilu. A Luxor ta Masar akwai rumbunan da aka rufe haka fiye da shekara 3,000, suna nan tsaye. Wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan Burkina, Séri Youlou, su suka gwada ta a Boromo, suka sauƙaƙa ta yadda mai koyo zai iya kamawa, suka kafa ƙungiyar Voûte Nubienne a 2000. Yau ana irin ginin a Mali da Senegal da Benin da arewacin Ghana.

Ina kallo ina tuna masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, da bakan gizon Gidan Makama. Mu ma mun san ƙasa. Sai dai namu bakan da ɗaurin guga azara ce ƙashinsu, giginya kuwa ta yi wuya ta yi tsada. Muka koma kwano, wanda da bazara yake gasa mutum, da hunturu ya sa shi makyarkyata, iskar farkon damina kuma ta yaye shi ta kai gidan maƙwabci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda "gidan ƙasa" ya zama abin gori a wurinmu, har a neman aure. Manomin nan ya nuna mini ɗakinsa yana alfahari, ya hau da ni kan soron inda suke shanya hatsi, suke kwana lokacin zafi.

Na tambayi maginin batun ruwan sama, don shi ne tsorona. Ya ce harsashi na dutse ne, a saman rufi kuma ana shimfiɗa leda a binne ta da ƙasa, a sa indararo. Amma bai ɓoye mini ba, ya ce mai gida ya duba yaɓensa kafin kowace damina, wanda ya yi sakaci shi ya jiyo. Kuɗi kuwa ya ƙi yanke mini, wai ya danganta da abin da mai gida ya kawo. A ƙauye dangi ke buga tubali, su ɗebo dutse da ruwa, magini kawai ake biya. A nan na ga inda tawa za ta bambanta, ni a Kano ƙasa sai na saya a tifa, ruwa sai 'yan garuwa, lebura kuma ba ya aikin zumunci.

A masaukin da aka gina haka na kwana, ba fanka, ban farka ba sai kiran assalatu. Giwayen da ake cewa suna dajin kusa da garin ban je gani ba. Washegari na koma Wagadugu, muka ɗaure kaya, hanyar gida ba wani labari sai gajiya.

Shekaranjiya na je fulotin da igiyar awo. Ciki biyu masu faɗin mita uku da kwata suna shiga, har da filin da za a dasa darbejiya. Hotunan da na ɗauka na kai wa wani tsohon magini a unguwarmu wanda rabonsa da tubali ya fi shekara ashirin. Ya daɗe yana kallon na igiyar nan mai zobe, sannan ya ce in bar masa wayar salular zuwa la'asar.