Babur na hannu: je ka gan shi da sassafe

Ƙannena masu tara kuɗin babur na farko, bari in ba ku labarin nawa, don har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Wata goma sha ɗaya na yi ina zubin adashi daga ɗan abin da nake samu a shagon ɗinki a Gangare. Ranar da na kwasa, ko kwana kuɗin ba su yi ba na nemi wani dillali da aka haɗa ni da shi a Bauchi Road. Muna gama gaisawa ya ce, "Ƙanena, nawa ne a hannunka?" Ni kuma na faɗa masa gaskiya, dubu 210. Ashe a nan ciniki ya ƙare. Dillali la'ada yake ci, kuma bai ƙi kaya su yi tsada ba, tunda da haka nasa rabon ke kauri.

Ƙarfe biyu na rana ya kai ni wajen wani Bajaj Boxer ja, an wanke shi tas, har tayoyin an goge suna sheƙi. Shuri ɗaya ya tashi. Na hau na ɗan zaga layin na dawo baki har kunne, su kuwa suna kallon fuskata. Mai shi ya ce dubu 240. Na taya 190, ya ce albarka. Dillali ya ja ni gefe yana raɗa min wai akwai wani a hanya daga Bukuru da kuɗinsa a aljihu. Aka yi ta ja har aka tsaya daidai kan dubu 210, ko sisi bai rage min ba.

Washegari da asuba, cikin hunturun nan na Jos mai sa yatsu su ƙage, na yi ta shuri har gumi ya keto min. Da ya ga dama ya tashi, sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe zaure. Na tura shi wajen wani tsohon bakanike a unguwarmu. Bai ce komai ba, ya durƙusa ya shafa kan notocin injin, duk sun cinye saboda yawan sa sufana, ga sauran gam ya bushe a gefen bulon injin. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa, kauri kamar zuma. Ya ce, "Yaro, an buɗe injin nan ba sau ɗaya ba. Ringi ya mutu, shi ya sa baƙin mai ke haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Wannan mai kaurin an zuba ne don ya rufe ƙara." Ya nuna min haƙoran sufuroket, wato faifan ƙarfen da cen ke hawa, sun yi tsini kamar ƙaya, wurin taka ƙafa na baya ya siɗe sumul, alamar babur ya sha achaɓa. Kafin ya hau titi lafiya sai da na ci bashin dubu 45.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, duk waɗannan suna nan a fili ranar ciniki. Sai dai injin da ya riga ya yi zafi yana ɓoye cutarsa ta ciki. Saboda haka ka ce wa mai babur za ka zo ƙarfe bakwai na safe, kada a tayar kafin ka iso. Kana zuwa ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, ka ce sai gobe. Ka zo da bakanikenka, wanda kai za ka biya kuɗin ɓata lokacinsa, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku hau ku biyu ku nemi tudu, Jos ba ta rasa shi ba. A hawa ne kuloci mai zamewa ke tona kansa: injin na ihu, babur ba ya gaba.

Batun farashi kuwa, ka fara sanin kuɗin sabo a makon da kake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, farashin da abokinka ya saya bara ba ya aiki bana. Duk aibin da bakanike ya gano, ku je wajen masu kayan gyara ku ji kuɗinsa. In ka ce "a rage min" kawai, roƙo ne. In ka ce, "Alhaji, tayar baya ta suɗe, cen da sufuroket sai an canja, ga kuɗinsu," to ka zo da hujja, kuma mai gaskiya ba zai ji haushi ba. La'ada ma a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya.

Takardu ba a ciniki a kansu. Rasit na asali, lambar injin da ta shasi su dace da abin da ke rubuce, ka duba da idonka ko an kankare. Tun 2012, zamanin Gwamna Jonah Jang, aka hana achaɓa a Jos da Bukuru, don haka ko na hawan kanka ne, ranar da aka tare ka takarda ce za ta yi maka magana. Babur na sata kuwa, arharsa na iya kai ka ofishin 'yan sanda. A rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu.

Wani abu kuma da nake so ku riƙe: in kun ga mutum zai sayar don lalura, rashin lafiya ko kuɗin haya, kada ku danne shi. Ku cire kuɗin gyara, ku ba shi haƙƙinsa.

Da na tashi sayen na biyu, ni da tsohon bakaniken nan muka je tun rana ba ta gama fitowa ba. Na yi tayina na faɗi dalili, mai shi ya ce albarka. Na ce Allah ya kawo kasuwa, muka juya. Zuciyata na son babur ɗin, amma Baba ya riƙe min hannun riga ya ce kada in waiwaya. Bayan la'asar sai ga waya: "Malam, zo ka kawo kuɗin, na sallama."