Layin PSMC ba ƙidayar garke ba ne

Wani ɗalibi ya turo mini zanen da PSMC, hanyar ƙiyasta yawan dabbobi a zamunnan baya daga DNA, ta fitar masa, yana ta murna wai ya gano zamanin da awaki suka kusa ƙarewa a duniya. Layi ya hau, ya gangaro, shi ke nan ya haɗa labari. Ban yi masa dariya ba, ni ma na taka wannan rawar.

Masana biyu, Li da Durbin, ne suka fito da PSMC a 2011. Dabba guda ta ishe ta. Takan kwatanta DNA ɗin da dabbar ta gada daga uwa da wanda ta gada daga uba, ta duba inda suka bambanta da yawa da inda suka yi kama, ta ƙiyasta yawan masu haihuwa a zamunnan baya. Ni sa Bunaji na ba ta. Sai ga wani ƙaton tudu a zanen. Na tsaya gaban taro na ce garkuna sun cika duniya, daga baya fari ya share su. Wata dattijuwar malama ta ce, "Ɗana, jinin shanu iri nawa ke jikin Bunaji?" Biyu ne: masu tozo da marasa tozo, kuma asalinsu ya rabu ɗaruruwan dubban shekaru kafin mutum ya fara kiwo. Tsohuwar rabuwar nan ce ta kumbura layin, ba yawan shanu ba.

Nakan ce ba laifina ba ne, a lokacin kowa haka yake karanta layin. Ai manya ma sun rage ƙimar sauyin DNA na ɗan Adam, wadda da ita ake lissafa shekarun zanen, daga 2.5×10⁻⁸ zuwa kusan rabin haka, shekarun da aka wallafa a baya suka kusa ninkawa. To amma gaurayen jinin shanun Afirka an san shi tun kafin in shiga fagen. Karatun ne ban yi ba.

Ku yara, kafin ku danna komai ku san tarihin dabbarku. Ku ƙirƙiri bayanan gwaji da manhajar msprime, garkuna a rarrabe masu cuɗanya jefi-jefi waɗanda yawansu bai taɓa raguwa ba, ku ga yadda PSMC za ta zana muku annobar da ba a yi ba. Ku ƙyale ta gaba ɗaya ke nan? A'a, ku yi amfani da ita, tana da kyau ga zamani mai nisa, amma shekaru dubu goma na baya-bayan nan makauniya ce a kansu. Ku dai daina kwafo umarni daga intanet da tsakar dare, kuna cusa tazarar shekaru tsakanin iyaye da 'ya'ya ta mutum a lissafin akuya.