Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shekarar da Anka Raba Gandunmu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan sati mun tsaya inda yunwar 1984, wadda mu nan muke ce ma El-Buhari, ta wuce ta bar mu da rumbuna wayam. To yau kan maganar gona za mu zauna don nan ne rayuwata ta karkata.

Ƙauyenmu yana tsakanin Badagishiri da Illela, kuma sadda na yi wayo gidanmu gandu ne. Kakanmu shi ne mai gida, ɗiyanshi maza huɗu da matansu da mu jikoki duk gona ɗaya rumbu ɗaya. Tun da asuba a fita da hauya a yi aikin gandu har azahar, da marece kowa ya tahi 'yar gamanarshi, abin da ka samu can naka ne ka sai riga ko ka yi ma budurwa toshi. Kuɗi ba su cika shiga tsakani ba fa. Maƙerin da ke gyara muna hauya da sungumi sai da kaka za a kai mishi dami, wanzami ma haka, Fulani kuma in sun gangaro daga wajen Abalak bayan an kwashe amfani su sauka cikin gonarmu shanu su ci kara su bar muna taki, mu ba su hatsi su ba mu nono a dama hura. In gona ta gaji sai a bar ta saura ta huta 'yan shekaru a sari wani wuri, don daji na nan ba mai hana ka.

Mutane da yawa in ana hirar nan sai su ce fari ne ya kashe Adar, wato yankin namu. Ban musa ba, na 1973 da na 1984 sun yi ɓarna, amma fari ai tun kakanni ana yin shi kuma ana tashi. Abin da na gani da idona shi ne mun yi yawa ƙasa kuma ba ta ƙaru ba. Ƙidayar 1977 Nijar duka mutum miliyan 5 ne da 'yan kai, ta 2012 ta haura miliyan 17, kuma ba laifin kowa ba ne, rigakafi ya zo, ƙyanda ta rage kwashe yara, wanga alheri ne wallahi. Sai dai kowane yaro da ya rayu gona yake so. Daji ya ƙare, saura ta ƙare, har burtalin da shanu ke bi anka fara ci kaɗan kaɗan, wasu ma sunka haura arewa suna shuka bayan iyakar da gwamnati ta shata ma noma tun 1961. Karan da muke bar ma Fulani kyauta sai ga shi ana tarawa ana ɗaurewa ana saidawa, shi ke nan zumuncin nan ya koma rigima da biyan ɓarna gaban maigari, ita kuma gona ba taki ba hutu, kowace shekara dami na raguwa.

Ana cikin haka kakanmu ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Ba a yi shekara ba matan gida sunka fara ƙorafi, wannan ta ce ɗiyanta sun fi yawa wajen aiki amma awo ɗaya ake ba su, waccan ta ce mijinta ke turo kuɗi daga Abijan ana cinyewa tare. Ƙarshe dai anka kira liman da maigari anka ja igiya. Ina tsaye ina kallo ana dasa gamba tsakiyar gonar da na tashi ina ganinta ba ta da iyaka. Baba ƙarami, wanda ke saƙa da rani, ya ɗauki rabonshi ya jinginar ya tahi Yamai, don dama atamfar kanti da gwanjo sun riga sun kashe mishi kasuwa, mata ma sun aje mazari.

Namu rabon, mu maza bakwai ne wurin babanmu. Hatsin da munka samu shekarar farko ko watan bazara bai kai ba. Wata rana bayan isha'i baba ya kira ni ya ce, kai yaro, gonar ga ba ta ɗaukar mu duka, yayanka ya tsaya, kai ka bi 'yan biɗa ka tahi neman kuɗi. Na ce to baba, Allah ya sa albarka. Inna ba ta ce komai ba, washegari ta ba ƙanena akuyarta ya kai kasuwar Badagishiri.

Shi yayan namu da ya tsaya ya yi dace, don ƙarshen shekarun 1980 ne aikin tassa ya bazu wajenmu, a haƙa ramu cikin fako da rani a zuba taki, in ruwa ya sauka ya tsaya ciki a shuka. Fakon da ko kyauta ba a so sai ga shi ana saye, shi ma ya sayi nashi da kuɗin da na fara turowa. Aikin akwai cin ƙarfi ba kaɗan ba, kuma yau shi ma ɗiyanshi sun girma ana maganar igiya.

Ni dai kuɗin akuya sunka kai ni Birnin Ƙonni bisa kamiyon albasa. Yadda munka kwana tasha da yadda wani ɗan kamasho ya so ya raba ni da sauran kuɗin, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.