Abin da kabad ɗin naman kaza ya koya mini a sashen nazarin halittu

Yanzu da na miƙa makullan sito na yi ritaya daga sashen nazarin halittu na jami'ar da na ƙarar da ƙuruciyata ina yi wa aiki, wasu daga cikin ƙananan ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje sun roƙe ni in rubuta musu abin da na koya. Waɗanda suka san sashen sun san cewa ba zan iya wannan magana ba sai na taɓo zancen kabad ɗin naman kaza, domin a kansa na sha baƙin cikin da ya fi kowane zafi a aikina, kuma a kansa na fahimci inda tarihin sashe yake kwanciya.

Na tarar da kabad ɗin a can ƙuryar tsohon ɗakin nazarin tsirrai, cike da siffofin naman kaza da aka gina da yumɓu aka gasa suka zama tangaran, aka shafa musu launi daidai da na halittarsu. Dattijon da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, shi ya shaida mini cewa wasu an kawo su ne daga Turai lokacin da aka kafa sashen, wasu kuma wani malamin tsirrai ne na farkon zamani ya sa masu ginin tukwane na sashen zane-zane suka yi masa, yana tsaye a kansu da samfurin da ya tono da hannunsa. Kowace siffa tana zaune a kan ɗan katako, da kati manne a gindinta, kuma lambar katin tana cikin wani littafin rajista mai baƙin bango. Idan mutum ya ɗaga guda ya juya ta, zai ga zara-zaran layukan da ke ƙarƙashin laimar an tsaga su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, har da ɗan sawun yatsa a inda maginin ya riƙe yumɓun yana ɗanye.

Mai tambaya zai ce me ya sa za a wahala a gina abin da yake tsirowa kyauta a gindin bishiya. Dalilin shi ne naman kaza ba ya ajiyuwa kamar ganye. Idan aka shanya shi sai ya yamutse ya koma ruwan toka, idan aka jiƙa shi a barasar ajiya launinsa ya zube cikin kwalba, ga shi kuma ba ya fitowa sai da damina, alhali darasin sau da yawa yakan faɗo ne cikin rani. Wannan matsalar ta daɗe tana damun malamai a ko'ina. A Ingila James Sowerby ya gina siffofin naman kaza kusan 200 da yumɓu don mutane su bambance mai ciwuwa da mai guba, gidan tarihin Birtaniya ya saye su a 1844, kuma akasarinsu sun halaka a ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. A garin Gotha na Jamus, gidan Arnoldi ya riƙa ƙera irin waɗannan siffofi yana sayar wa makarantu tun daga shekarun 1870. Jami'ar Harvard ta Amurka kuwa har yau tana alfahari da tsirran gilashi kimanin 4,300 da Leopold Blaschka da ɗansa Rudolf suka yi mata tsakanin 1887 da 1936, waɗanda a cikinsu akwai 'ya'yan itatuwa da aka nuna yadda funfuna ke ruɓar da su. Namu ba su kai waɗannan daraja a kasuwa ba, amma aikin da aka yi su dominsa ɗaya ne.

Da su nake nuna wa ɗalibai Amanita phalloides, wanda shi ne ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya, ina sa yatsansu a kan zoben da ke wuyansa da 'yar jakar da ke gindinsa, wadda takan maƙale a ƙasa idan aka tsinke shi da garaje, ina kuma gaya musu cewa wanda ya ci shi yakan yi sa'o'i shida ko fiye bai ji komai ba alhali gubar ta kama hanyar hantarsa. Da su nake nuna musu Termitomyces mai doguwar saiwa da ke ratsawa cikin suri zuwa gidan gara. Katunan su ma darasi ne, kuma a nan hankalina ya fi tsayawa. A kan kati guda akwai rubutun hannu iri uku: na farko da alƙalamin tawada ya rubuta Lepiota morgani, wani ya zo ya ja masa layi ya rubuta Chlorophyllum molybdites, na uku kuma ya ƙara da fensir cewa garin irinsa kore-kore ne kuma yana sa amai da zawo. Tsofaffin katunan duk sun jera naman kaza cikin tsirrai, domin an rubuta su ne kafin ra'ayin masanin halittu Robert Whittaker na 1969, wanda ya ware wa dangin funfuna, har da naman kaza, masarautarsu daban, ya shiga littattafan koyarwa. Wanda ya karanta katunan a jere zai ga lokacin da aka haɗe nazarin tsirrai da na dabbobi aka yi sashe ɗaya, zai kuma gane wane malami ne ya gaji wane, abin da babu wata takardar ofis da ta adana shi.

Sai aka naɗa mana sabon shugaban sashe ana dab da zuwan masu tantance kwasa-kwasai, ya ce yana son ɗakin a kwashe kafin ƙarshen mako don a jera kwamfutoci. Na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ciyawa ko tsofaffin jaridu da kwalaye in naɗe su da kaina, ba za su ci wuri ba." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malam, jami'a muke gudanarwa, ba shagon tukwane ba, ka je ka yi aikin da aka ɗauke ka dominsa." Washegari aka aike ni karɓo sinadarai daga babban sito, kafin in dawo leburori sun juye kabad ɗin cikin buhunan siminti sun jibge a bayan gini. Ban ga laifinsu ba, abin da aka umarce su suka yi. Na durƙusa ina tsintar ɓaraguzai, laima a nan, kara a can, katunan sun ɓalle daga katakonsu iska tana kaɗa su cikin ciyawa. Littafin rajistar kuwa an haɗa shi da tsofaffin takardun jarrabawa an kai wurin ƙonawa, kuma ban same shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya biyo baya. Ɗaya daga cikin masu tantancewar, wata farfesa da ta yi digirinta na farko a sashen, ta tambayi inda siffofin suke, ta ce a kansu ta fara son wannan ilimi. A gabanta shugaban ya juya ya ce ai kayan koyarwa suna hannun ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, kuma kafin a tashi aiki takardar tuhuma ta iso teburina, ana neman in bayyana yadda kayan jami'a suka lalace a hannuna. Ba ni da abin nunawa, domin umarnin da baki aka ba da shi, kuma malaman da suka ji lokacin da aka faɗa duk suka yi shiru. Takardar ta zauna a fayil ɗina ta jinkirta mini ƙarin girma. Daga baya, da na liƙe waɗanda suka liƙu da gam na jera su a wani ƙaramin kabad na gilashi, shugaban ne ya tsaya a gefensu aka ɗauke shi hoto ranar bikin tsofaffin ɗalibai, yana bayanin yadda sashe ke kula da kayan tarihinsa. Na yafe abin da ya shafi albashina, amma littafin nan har yanzu ban iya tuna shi zuciyata ta kwanta ba.

Saboda haka abin da zan gaya wa ƙannena masu wannan aiki shi ne, duk umarnin da ya shafi motsa kaya ko zubar da su, ku nemi a rubuta a sa hannu, ko da za a ce kun cika taurin kai, kuma ku ajiye kwafi a gida. Ku kwafe kowane littafin rajista, ku ɗauki hoton kowane abu tare da katinsa, ku rubuta lambar a jikin abin da kansa, domin siffar da ta rabu da katinta ba ta iya gaya wa kowa wanda ya yi ta ko inda aka tono asalinta. Ku zauna da tsofaffin ma'aikata ku rubuta abin da suka sani tun suna raye. Kada ku dogara da cewa mai babban digiri dole ya san darajar kayan da ya gada. Ku riƙe leburori da masinjoji da mutunci, don ɗaya daga cikinsu ne ya ɓoye mini siffofi biyu a ɗakin tsintsiya da ya ga suna da kyau.

Waɗanda suka tsira ba su kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na tarar ba. Na sake musu sabuwar rajista daga abin da na iya tunawa da abin da katunan da na tsinto suka nuna, inda na rasa tabbas kuma na bar gurbin a buɗe. Rajistar da makullin kabad ɗin suna hannun wanda ya gaje ni, kwafi ɗaya yana ɗakin karatu na jami'a, kuma duk tsohon ɗalibin da ke da hoton tsohon kabad ɗin ko littafin darasin da ya zana siffofin a ciki, ina roƙonsa ya kai wa sashen a cike guraben.