Tsofaffin sifiku: kar watt ya ruɗe ka

Jama'a, duk wanda zai canja sifikun falonsa ya koma na da, irin na shekarun 1970 ɗin nan masu akwatin katako mai nauyi, abu na farko da zan ce masa shi ne ya manta da maganar watt. Da ka shiga wajen masu kayan Beljiyam abin da za a fara nuna maka kenan, "Alhaji wannan 300 watt ce fa", alhali lambar ba ta ce komai ba game da daɗin sauti, iyakarta ta nuna ƙarfin da sifikar za ta iya jurewa kafin ta ƙone, kuma ita ma sau da yawa ƙari ne.

Lambar da ta fi amfani ita ce ta dB, wato yawan ƙarar da sifika ke bayarwa idan aka ba ta watt 1. Duk ƙarin 3 dB daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Sifikar Klipsch Heresy da ta fito a 1957 tana wajen 96 dB, ƙaramar amfilifaya ma sai ta cika falo da ita, amma AR-3a ta 1967 akwatinta a rufe yake ruf, bes ɗinta mai zurfi ne gaskiya amma akwai cin wuta, ga ta 4 ohm (idan lambar ohm ta yi ƙasa sifika ta fi jan wuta daga amfilifaya), idan ka haɗa ta da 'yar ƙaramar Sansui ko Kenwood ta gida sai ka ji amfilifaya ta yi zafi kamar dutsen guga sauti kuma bai fito ba. To ka fara leƙa bayan amfilifayarka ka ga ohm nawa aka rubuta kafin ka fita kasuwa, don ka zaɓi sifikar da ta dace da ita.

Inda ake cutar mutane kuma shi ne bakin wufa, wato babbar sifikar cikin akwatin mai fitar da bes. Ka sa a cire murfin gaban, kar ka yarda da "ai a manne yake". Zoben da ya zagaye kwalin wufa idan na soso ne, kamar na Advent babba ta 1969, to shekara ashirin ma da kyar yake kaiwa, balle da zafin nan namu, da ka taɓa shi sai ya ruɓe a yatsa. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, ana canja soson kuma dalili ne na neman ragi. Na roba kamar na Dynaco A25 ko na yadi kamar na JBL L100 sun fi daɗewa nesa ba kusa ba. Abin gudu shi ne wadda wani mai gyara ya riga ya cire wufar asali ya liƙa ta mota ko ta DJ, akwatin dai na JBL ne amma muryar ta wani ce, kuma wallahi suna da yawa. Ka duba ko an faɗaɗa ramin, ko kusoshin hagu da na dama ba iri ɗaya ba.

Sai ka sa yatsu ka danna kwalin a hankali ta tsakiya, idan ka ji yana gogawa ƙurus ƙurus to koyil, wato naɗin wayar da ke bayan kwalin, ta taɓu. Batirin tocila na 1.5 ma ya isa gwaji, ka taɓa shi a wayoyin baya, wufa mai lafiya za ta motsa. Tiwita kuwa, wato ƙaramar mai fitar da siririn sauti, sai ka kanga kunne daf da ita ana kiɗa a hankali, domin ita ce ke mutuwa shiru ba a sani ba, kuma ta Yamaha NS-1000M ta 1974 da aka yi da ƙarfen beriliyom idan ta fashe samun wata aiki ne ja. Ka juya akwatin ka duba gindinsa, laima tana kumbura katakon, gara ma ba ta raina shi.

Ni dai ra'ayina, L100 ɗin da kowa ke kuka a kanta sunanta ya riga ya sa ta tsada, Pioneer HPM-100 ta 1976 wadda injiniya Bart Locanthi ya tsara bayan ya bar JBL tana ba da irin wannan armashin na bes da ƙara. Su kuma Sansui masu ragar katako a gaba, kyau kam akwai, sun ƙawata falo, amma da yawansu hayaniya ce kawai, sifika shida a akwati ɗaya ba ta nufin komai. Idan ɗakinka ƙarami ne kuma murya ka fi saurare, karatu ko waƙar da kalangu da kuntigi ke ciki, ƙananan na Ingila irin su LS3/5a da BBC ta tsara sun fi dacewa, sai dai kar ka sa ran bes mai girgiza taga.

Abu ɗaya da ke da daɗi, sifika ba ruwanta da wutar NEPA, daga amfilifaya take sha, don haka ko daga Amurka ko Japan ta zo ba matsala. Amfilifaya ce idan ta 100 ko 120 volt ce ka cusa ta a soket ɗinmu ba taransifoma, shi kenan ta tafi. Kuma idan ka kawo sifikun gida ka ji sautin ya ɗan dushe, kar ka yi saurin zargin tiwita, kafasitocin da ke cikin akwatin ne suka tsufa, mai gyaran rediyo da ya san hannunsa zai canja su da masu lamba iri ɗaya, ka dai tsaya a kansa kar ya sa abin da ya ga dama.