Tafiyata Riyad Domin Gasar Otokuros ta Farko

Ban daɗe da dawowa daga Riyad ba, inda na shiga gasar otokuros ta masu koyo, kuma tun da na sauka 'yan'uwa a nan Jidda suke tambayata abin da ya sa mutum mai iyali zai tuƙa mota kusan kilomita 950 domin wasan da kowane zagayensa bai cika minti ɗaya ba. Ga wanda bai san wasan ba, fili ne mai faɗi mai kwalta ake samu, a jera robobin nan masu tsini ruwan lemo irin waɗanda 'yan sanda ke tare hanya da su, a fitar da siririyar hanya mai kwanoni da ƙofofi. Mota ɗaya ake saki a lokaci guda, agogo yana ƙirga mata lokaci, saboda haka babu gogayya kafaɗa da kafaɗa balle a yi karo. Yawancin zagayen a giya ta biyu ake yin sa, kuma da wuya gudun ya kai wanda muke yi kullum a babban titi. Duk robar da ka kayar za a ƙara maka daƙiƙa 2, idan kuwa ka tsallake wata ƙofa ba ka bi ta cikinta ba, zagayen gaba ɗaya ya tashi a banza.

Ƙasar nan ta rungumi wasannin motoci da gaske a 'yan shekarun nan. An fara tseren Formula E a Dir'iyya a 2018, aka fara yin tseren hamada na Dakar a Saudiyya a 2020, aka yi Formula 1 na farko a bakin tekun Jidda a watan Disamban 2021, sannan Yazid Al-Rajhi ya zama ɗan ƙasar na farko da ya lashe Dakar a rukunin motoci a 2025. Amma duk waɗannan na ƙwararru ne da manyan kamfanoni, namu kallo ne kawai. Otokuros kuwa da motar da kake kai yara makaranta ake shigarsa, kuma wannan ne ya ja hankalina.

Shirin ya fara ne a Sana'iyya, unguwar gareji-gareji, wajen bakanikena wanda kowa ke kira Usta. Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da na gaya masa niyyata, na yi zaton zai fara da maganar ƙara wa inji ƙarfi, sai ya ce: "Malam, bar injin nan yadda yake, birki da taya su ne rayuwarka a wannan wasa." Ya zuƙe tsohon man birki ya zuba sabo, domin a cewarsa man yana shan danshi idan ya daɗe, kuma da ya ɗauki zafi sai ka taka birki ka ji shi laushi. Ya duba takalman birki, ya ɗaure batir da ƙarfensa har ya girgiza shi da hannu biyu bai motsa ba, ya bi notocin taya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga ƙarƙashin motar da fitila yana neman ɗigon mai.

Wajen sayen taya ne na koyi abin da nake ganin ya kamata kowane direba ya sani. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka ƙera ta. Mai shagon ya mirgino mana tayoyi huɗu baƙi wuluk, zanensu cike, ya ce riyal 340 kowace ɗaya. Usta ya tsuguna, ya lashi babban yatsansa ya goge ƙurar gefen, ya nuna mini lambobin, sai ga shi tayoyin sun shekara huɗu a ajiye. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, musamman a zafin Jidda. Ba a yi hayaniya ba, mutumin ya koma ciki ya fito da na bana, ya ce 400, muka yi ta ja har aka tsaya a 370, ya haɗa da ɗaurawa da daidaita su. A raina kuɗin ya yi yawa, musamman da yake harajin kashi 15 cikin ɗari yana kan komai tun 2020, amma na tuna yadda muke sayen tayar gwanjo a Ƙofar Ruwa a Kano, mu danna ta da yatsa mu ce tana da sauran rai, ba wanda ya taɓa nuna mana cewa shekarunta suna rubuce a jikinta. Hular kwano ma sai da muka zaga, domin masu shirya gasar sun ce dole ta kasance mai tambarin inganci na ECE ko Snell, kuma akasarin masu arahar da 'yan kai saƙo a babur ke sayowa ba su da shi.

Usta ya rufe garejinsa ya raka ni, ya ce shi ma yana son ganin wasan da idonsa. Mun tashi bayan sallar Asuba, muka bi hanyar Hada wadda ke hawa dutse tana lanƙwasa har zuwa Ɗa'if, birai suna zaune a kan katangar bakin titi suna jiran masu jefa musu abinci. Daga Ɗa'if zuwa Riyad babu abin ba da labari, hamada ce shimfiɗe da titi miƙaƙƙe, ana barin ƙananan motoci su yi gudun kilomita 140 a awa a mafi yawansa, kyamarorin Sahir kuma suna jiran wanda ya wuce haka. Nisan ya kusa na Kano zuwa Legas, amma babu rami, babu shingen da za a tsayar da kai a ce ka kawo na goro. Fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ne lita, mai lamba 95 kuma 2.33, farashi ɗaya a duk gidan man da muka tsaya, ba wanda ya ce babu mai, ba wanda ya fito da jarka. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne halin bayan gida a wasu tsofaffin gidajen mai na tsakiyar hanya, wanda bai dace da kyawun titin ba ko kaɗan. Mun karya da gurasar tamis da wake a kusa da Muwaih, rana tana faɗuwa muka gangara ta tsagin duwatsun Tuwaiƙ muka shiga birni.

Masaukinmu gidan wani dattijo ne da Usta ya sani, haifaffen Makka, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa ya ratsa Sudan ya zo aikin Hajji bai koma ba. Na yi niyyar kama ɗaki a otal, amma da ya ji haka sai ransa ya ɓaci, ya ce: "Ɗana, ina da rai a garin nan ka kwana a gidan haya? Me zan ce wa mutanenmu?" Aka fara da gahawa da dabino irin na mutanen ƙasar, sannan aka shigo da tuwon shinkafa miyar kuka har da man shanu, ga kabsa a gefe, wai ko mun saba da ita. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗin ji, Larabci yana ratsa ta nan da can, kuma ya yi ta tambayata labarin Katsina da bai taɓa gani ba.

Da aka zo maganar abin da ya kawo ni, sai fuskarsa ta canza, domin ya ɗauka tafhiɗ ne, wato wasan ganganci da samari ke yi da mota a kan titi, wanda ya ce ya ci ran ɗan maƙwabcinsa. Na ce: "Baba, wannan daban ne, a killataccen fili ake yi, da izini, da hular kwano, ga motar asibiti a tsaye." Ya tuna mini cewa tarar tafhiɗ a karon farko riyal 20,000 ce, karo na biyu 40,000, na uku 60,000, ban da kama mota. Bai saki ransa ba sai da na nuna masa takardar dokokin gasar a waya, jikansa ya karanta masa. Da asuba muka tarar ya sa an cika mana but da ruwa da lemo da kujerun zama biyu da laima, ya kuma ƙi karɓar ko sisi.

Filin yana bayan gari, safiyar kuma akwai busasshen sanyi irin na hunturun Kano. A teburin rajista ne na gamu da abin da ya sosa mini rai. Mutumin da ke zaune ya karɓi iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, da lasisina, bai amsa sallamata ba, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in je in kira mai motar, domin ba a rajistar direbobin gida. Na miƙa masa istimara, wato takardar mallakar mota, mai ɗauke da sunana, ya juya ta gaba da baya kamar yana neman aibi, sannan ya tura mini takardar sa hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Wanda ya zauna a ƙasar nan da baƙar fata ya san irin wannan kallo, kuma ba zan ce ya daina yi mini ciwo ba. Amma adalci ne in faɗi cewa shi kaɗai ne ya yi haka a duk yinin. Wani matashi ɗan ƙasa da ke bayana a layi ya ga abin da ya faru, ya ba ni haƙuri a madadinsa, ya ara mini salatif na liƙa lambata a ƙofar mota, kuma shi ne ya zama malamina har yamma.

Takardar da na sa wa hannu ta bayyana cewa duk ɓarnar da ta samu motata a filin a wuyana take, domin inshorar yau da kullum ba ta ɗaukar abin da ya faru a wajen gasa, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya san wannan tun daga gida. Daga nan aka shiga binciken mota. An sa mun kwashe komai, kafet ɗin ƙarƙashin ƙafa, da safaya, da jak, da kwalaben ruwa, har da carbin da ke rataye a madubi, saboda ƙaramin abu yana iya gangarowa ya shige ƙarƙashin birki a tsakiyar kwana. Mai binciken ya taka birki, ya girgiza kowace taya, ya ja bel ɗin kujera, ya leƙa cikin hular kwano, da ya zo kan batir ya ji shi daram sai ya ɗaga wa Usta babban yatsa.

Abin da ya fi komai amfani shi ne zagaya hanyar a ƙafa kafin a fara. Daga nesa filin tarin robobi ne kawai marasa kan gado, sai ka taka shi sannan hanya take fitowa. Matashin nan ya nuna mini cewa robar da aka kwantar a gefen wata tana nuna ɓangaren da za ka bi, kuma a cikin robobi masu yawan nan ƙalilan ne suke da muhimmanci, sauran ado ne. A wajen da aka jera su a layi ɗaya domin a riƙa saƙa mota a tsakaninsu, ya sa na ƙirga taku daga wannan zuwa waccan, muka gano cewa tazarar tana raguwa a ƙarshe, ma'ana wanda ya shiga da wuta zai rasa wajen juyawa. Ya maimaita mini magana ɗaya har ta zauna: kada ka kalli robar da ke gabanka, kalli ƙofar da za ka shiga bayan ta, domin hannu yana bin ido ne. Ya gyara mini kujera ta matso gaba, hannaye biyu a gefe da gefen sitiyari. Usta kuma ya ƙara iskar tayoyin gaba daga 32 zuwa 38 a ma'aunin masu faci, ya shafa alli a kafaɗarsu, domin bayan kowane zagaye a ga iya inda allin ya goge, a san ko tayar tana kwantawa fiye da kima.

Zagayen kansa ya wuce kamar ƙiftawar ido. Mota irin tawa mai jan gaba, idan ka shiga kwana da gudu fiye da kima, tayoyin sai su yi ta kuka tana tafiya miƙe ko ka murɗe sitiyari, maganinta kuwa shi ne a taka birki da wuri, a shiga a hankali, a fita da ƙarfi. Lokacina ya riƙa raguwa daga zagaye zuwa zagaye, kuma mafi kyawunsa shi ne wanda na ji kamar ban yi sauri ba. Wata tsohuwar ƙaramar mota a hannun wani magidanci mai furfura ta doke manyan motoci masu ƙarar inji da suka ninka ta kuɗi sau goma. Akwai mata a cikin masu gasar, abin da ba zai yiwu ba kafin watan Yunin 2018. Idan rukuninku ya gama, ku ne za ku fita fili ku tsaya kuna tayar da robobin da wasu suka kayar, mai Porsche da mai Corolla duk a rana ɗaya.

Ina tsaye a wajen ne tunanin gida ya dame ni, na tuna wasan motar da samari ke yi a titunanmu ranar ɗaurin aure, da rayukan da ake asara a cikinsa. Sha'awar da ke ransu ita ce wadda ta kawo ni Riyad, kuma kayan da ake buƙata ba su wuce fili mai kwalta, da robobi, da agogo, da manya masu tsayawa a kan doka ba. Muna da filayen da suke zaman banza a ƙarshen mako, kuma ina ganin hukumomin wasanni da na kiyaye haɗurra za su iya gwada wannan ba tare da kashe wani babban kuɗi ba.

Washegari muka yi sallama da Baba, ya haɗa mu da kwalin dabino na iyali. Mun dawo ta hanyar Sail, muka ɗauki harami a miƙatin Ƙarnul Manazil muka yi Umra kafin mu ƙarasa Jidda. Usta ya duba tayoyin ya ga kafaɗun na gaba sun ci sosai, ya mayar da su baya, ya rage iskar zuwa yadda take, ya ce kafin gasa ta gaba sai mun sake takalman birki.